WA YA CANCANCI MAGANIN RAGE ƘIBA?

Tun shekara ta 2021, lokacin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar nan mai suna Wegovy, zancen maganin rage ƙiba ya game duniya. Ƙungiyar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 masu fama da ƙiba mai cutarwa sun haura miliyan dubu ɗaya. Saboda haka ya kyautu masu karatu su san wanda aka yi maganin dominsa.

Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak ne ke yin wannan allura, kuma sau ɗaya ake yin ta a mako. Tana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, sai mutum ya ƙoshi da wuri. A gwajin da aka bayyana a 2021, waɗanda suka yi mako 68 suna amfani da ita sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu.

To, wa ya cancanta? Likitoci ba da ido suke aunawa ba. Suna da ma'auni mai suna IMC: a ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa sau tsawonsa da mita. A Amurka da Turai ana rubuta maganin ga baligin da lissafinsa ya kai 30, ko kuma 27 in yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko yawan kitse cikin jini. Misali, mai tsawon mita 1,70 sai ya kai kilo 87, ko kilo 79 in yana da ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka.

Ko lissafi ya kai, akwai waɗanda aka hana. Mace mai ciki ba ta yi. Haka nan wanda shi ko danginsa suka taɓa kamuwa da wani irin ciwon kansa na tiroyid, wato sashen wuya inda maƙoƙo ke fitowa. Sannan allurar ba ta ɗauke wa kowa gyaran cin abinci da motsa jiki. Binciken da ya biyo baya ya nuna waɗanda suka daina ta sun mai da kashi 2 cikin 3 na nauyin da suka rage cikin shekara guda.

Me ya sa ake wannan tsantseni? Faransa ta ga darasi. Daga 1976 zuwa 2009 an sayar da Mediator, maganin da aka yi domin masu ciwon sukari, amma aka riƙa rubuta shi ga masu neman ramewa kawai. Ya lalata zukatan jama'a, ɗaruruwa suka rasu, har kotun Faris ta hukunta kamfanin Servier a 2021.

Hatsari na biyu shi ne jabu. A watan Yuni na 2024 OMS ta yi gargaɗi game da irin wannan allura ta jabu da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. In an ga haka a can, ina ga kasuwannin Maraɗi da Damagaram, inda ake baza magani a ƙasa cikin rana, alhali allurar cikin sanyi ake ajiye ta?

Don haka, ƴan uwa, wanda ƙiba ta dama ya tafi likita a auna nauyinsa, da jininsa, da sukarinsa. Kada kowa ya sayi wannan magani sai a farmasi, da takardar likita. Ma'aikatan lafiya da na duwan kuma su sa ido tun kafin jabu ta cika kasuwa. Rigakafi ya fi magani.