Corvette C8: Kyan Gani Da Kuɗin Sayarwa



Tun 1953 injin Corvette a gaba yake. A 2019 kamfanin Chevrolet ya fito da samfurin C8, ya mayar da injin bayan kujerar direba. Hancinta ya gajarce, ƙugunta ya buɗe, nauyi ya koma kan tayoyin baya. Daga nesa sai ka rantse Ferrari ce, alhali a lokacin da ta fito farashinta ya fara ne daga ƙasa da dala 60,000.

Nan fa masu saye suka yi caa. Yajin aikin ma'aikatan General Motors da annobar korona suka rage motocin da ke fitowa daga masana'antar Bowling Green a Amurka, har ta hannu ta fi sabuwa tsada. Wasu suka ɗauka sun tsinci dami a kala.

A ganinmu, ƙaranci ne ya ɗaga farashin. Da masana'antar ta koma fitar da dubun-dubata a shekara, sai ya fara sauka. Ferrari kuwa da gangan take taƙaita adadin motocinta.

Wanda ya saya don jin rurin injin V8 a bayan kunnensa ya yi ciniki. Mai lulluɓe ta da tamfol yana jiran riba, ya fara lissafa kuɗin inshora da faɗuwar farashi tukuna.

Ku fa, me kuka gani?