Masu Cin Dandali

Akwai wata irin sata wadda ba a yi mata ihu, ba a kuwa kai ɓarawonta gaban alƙali. Da rana tsaka a ke yinta, da igiyar awo da turaku, wani lokaci ma har da takarda mai hatimi. Ita ce satar dandali. Duk mai yawo cikin garuruwan arewacin Zazzau, daga Gubuchi da Gimi zuwa Maƙarfi, daga Hunƙuyi da Kudan zuwa Ikara, ya san yadda a ke yinta. Yau mai shayi ya kafa tebur, babu laifi. Gobe ya kafa rumfa, jibi ya sa kwano, gata ya zuba bulo. Kafin damina ta kewayo ya zama kanti mai ƙofar ƙarfe, har ana cewa gādon 'ya'yansa ne. Na kusa da shi ya gani, shi ma ya matso. Da haka filin da doki ke sukuwa a ciki ya kan koma lungu wanda amalanken rake ba ya iya juyawa.

Mutanen dā ba rashin sanin darajar ƙasa ya sa suka bar wannan fili ba. In sun kafa gari, sai su fid da gidan sarki da masallaci, kāna su bar sarari mai faɗi a gabansu, su hana kowa gini a ciki, kamar yadda ƙofar fadar Zazzau ta ke har yau. A nan sanƙira ke shela. A nan a ke yanke ranar gayya, a sasanta manomi da makiyayi a bainar jama'a, inda ba mai iya cewa an yi masa ƙulle-ƙulle a ɗaki. Bayan kaka a yi kokawa, da farin wata 'yan mata su yi gaɗa, in azumi ya kwana goma yara su fito tashe. Sa'ad da aka ɗaura yaƙi da jahilci cikin shekarun 1950, a irin wannan fili motar majigi ke kafa farin ƙyalle, a ƙarƙashin itatuwansa kuma dattawa da yawa suka fara sanin baƙi da wasali. Wanda ya riƙe takardar shaidar yaƙi da jahilci bai kamata ya zama na ƙarshe wajen kāre shi ba.

To, masu cin dandali suna da hujjoji, ya kamata a saurare su. Sun ce zamani ya sāke, yanzu kowa da wayarsa, labari na iske mutum har kan gado. Gaskiya ne labari na zuwa, amma ƙarya ta fi shi sauri, kuma waya ba ta da dattijon da zai ce, "Kai yaro, ba haka aka yi ba." Sun ce dandali matattarar 'yan shaye-shaye ne. Ashe? Mai shaye-shaye ba ya zama inda fitila ke ci, inda kawunsa zai wuce ya gan shi. Lungun da ke bayan sababbin kantunan nan shi ne maɓoyarsa, watau su da kansu suka gina masa ɗaki.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi. Sun ce fili a kwance ba ya kawo ko kwabo, kanti kuwa yana kawo haya da haraji. Wanda ya gaskata wannan ya dubi abin da ya faru a Kano. A zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje aka yanka gefen Filin Idi na Ƙofar Mata aka jera kantuna. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sa aka rushe su. Masu kantuna suka kai ƙara, a watan Satumba babbar kotun tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. A lissafa. Ɗan kasuwa ya yi asarar dukiya, baitulmali ya yi asarar kuɗin da zai gina makarantu, domin kawai a mayar da fili yadda ya ke tun farko. In Kano mai arziki ta ji jiki, ina ga gari irin Gubuchi? Ranar da za a so a ƙwato dandali, sai an yi faɗa da maƙwabci da suruki, gama a ƙauye mai kanti ɗan'uwan kowa ne.

Wa ke da alhakin tsaronsa? A nan ne kowa ke tura wa wani. Dagaci ya ce ikon ƙasa ya bar hannunsa tun dokar ƙasa ta 1978, wadda ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar fili a karkara. Fada kuma ta ƙara rauni a 2017, sa'ad da gwamnatin Kaduna ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77. Ƙaramar hukuma ita kuma ta ce ba ta da kuɗi. Amma tsarin mulki na 1999 ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa kula da kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a da filayen shan iska aikinta ne, a watan Yuli na 2024 kuwa Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Balle ma, hana mutum ya zuba bulo a filin jama'a ba ya cin ko sisi. Kunyar ido kaɗai ya ke ci.

Har wa yau akwai wasu da su ma abin tsoro ne, ko da ya ke da sunan gyara su kan zo. Sun ga yadda aka ƙawata Dandalin Murtala na Kaduna cikin aikin sabunta birni da gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta soma a 2019, sai su ce a kewaye na ƙauye da katanga, a sare tsofaffin itatuwa, a malale da siminti, a sa maigadi. Abin da ya dace da babban birni ba lalle ya dace da garin manoma ba. Dandalin da tsoho mai sanda zai tsaya a ƙofarsa yana neman izini, shi ma an ci shi, sai dai an ci da cokali.

Abin da gari irin Gubuchi ke bukata bai kai kuɗin motar rake biyu ba. A tara dattawan da suka san iyakar filin tun asali, su nuna ta gaban dagaci da liman da kansila. A auna, a kafa turakun siminti, a rubuta tsawo da faɗi a takarda uku: ɗaya a fada, ɗaya a masallaci, ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma a Maƙarfi. Wannan rubutu aikin waɗanda suka fita ajin yaƙi da jahilci ne, su ne kuma za su riƙa karanta ta da ƙarfi duk ranar da wani ya zo da igiya. Mai shayi da mai tsire su zauna a gefe da teburinsu, gama su ke raya wurin da dare, amma kada a yarda da tubali ko ɗaya. A dasa ceɗiya da ɗurumi da darbejiya da farkon damina, a kāre su da ƙaya saboda awaki, a raba wa unguwanni ban ruwansu da rani. Sa'an nan a nemi kansila ya kawo fitila mai aiki da hasken rana, da makewayi a bayan fili, tun kafin lokacin zaɓe ya wuce ya daina amsa sallama.