Kada A Bugi Yaron Da Tumaki Suka Makarar

'Yan'uwana masu shirin zama malamai, akwai abin da ya kamata mu sani kafin a tura mu ƙauye da bulala a hannu, watau yadda yini yake a gidan da ake noma ana kiwo.

Da damina ba a sakin tumaki, don kada su shiga gonar maƙwabci a yi ta shari'a wurin dagaci. A turke suke kwana, a turke suke yini. To, wa zai yanko musu ciyawa? Uba ya ɗauki fartanya tun asuba, uwa tana daka. Sai yaro. Shi zai yi yankan, ya ba su ruwa da ɗan kanwa, ya share kashinsu ya tara a juji. Wannan takin ne jaki zai kai gona a mangala kafin ruwan shuka, gero kuwa ya san bambancinsa. Da kaka kuma ga ɗaurin harawar wake da ta gyaɗa, a jibge a kan soro saboda rani.

Tunkiya tana haihuwa bayan wata 5 da ɗaukar ciki. Ragon da aka sayar da Babbar Salla, sau da yawa shi ne kuɗin littafin yaron nan da rigarsa ta makaranta. Ashe malamin da ya zane shi don makara, abin da ya kawo shi aji ya zana.

Ni a ganina, daga shuka zuwa girbi a matsar da lissafi zuwa bayan hantsi, a fara da waƙa da shara, wanda ya makara ya tarar da darasin.