Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya



Nan kusa da mu a Nassarawa akwai Asibitin Koyarwa na Muhammad Abdullahi Wase. A asibitocin Kano irin su na Malam Aminu Kano da Asibitin Zana, iyaye maza da mata suna bin layi su karɓi maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita a Najeriya. Maganin kyauta ne, mun gode. Amma idan mutum ya koma gida da shi, me zai ci?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babban mutum mai ɗauke da ƙwayar cutar, ko da bai kwanta ba, jikinsa na buƙatar ƙarin abinci mai ba da kuzari da kashi 10 cikin 100. Idan ciwo ya taso, buƙatar kan kai kashi 20 zuwa 30. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi. Wani idan ya sha magani da yunwa sai jiri da tashin zuciya su dame shi, har ya fara tsallake kwanaki. Wanda ke tsallakewa kuwa, ƙwayar cutar kan daina jin maganin.

Ra'ayinmu shi ne, ba sai mai kuɗi ke iya cin abinci mai gina jiki ba. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, ƙwai, busasshen kifi da nonon da aka dafa suna gina jiki. Zogale, rama, alayyahu da kabewa ga su nan jibge a kasuwar 'Yankaba. Kwaɗon zogale ya fi lemon kwalba da soye-soye amfani nesa ba kusa ba. A haɗa da tsaftataccen ruwa, domin gudawa na saurin kayar da mai raunin garkuwa.

Sai dai a kula: abinci ba ya maye gurbin magani. Duk mai tallar jiƙo da ya ce a ajiye maganin asibiti, a guje shi.

Mu ɗalibai fa? Mu daina yi wa ramammen mutum dariya da raɗa. Ba a ɗaukar wannan cuta ta cin abinci a kwano ɗaya ko ta musabaha. Wataƙila wanda ke zaune kusa da kai a aji mahaifiyarsa ce ke jinya, tsoron bakinmu ya sa ya yi shiru. Muna roƙon malamanmu su ba mu fili mu shuka zogale, mu kuma tara mudun wake da gero kafin 1 ga Disamba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, a kai wa mabuƙata ba tare da tallata su ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta