Zancen Gida da Makaranta: Chitti, Mutumin Ƙarfe

A wannan wata zancenmu a kan wani baƙo ne wanda ya shiga gidajenmu ba sallama, ta cikin wayar hannu da gidajen kallo. Sunansa Chitti. Yara da yawa sun san shi sarai, har suna kwaikwayon tafiyarsa a filin wasa, amma akwai iyayen da ba su taɓa jin sunansa ba. Ya kamata mu san wanda yake hira da 'ya'yanmu.

Chitti ba ɗan Adam ba ne. Mutum-mutumi ne na ƙarfe da waya a cikin wani fim na ƙasar Indiya mai suna Enthiran, wanda aka fara nunawa a shekara ta 2010 da harshen Tamil. Da harshen Hindi kuwa an sa masa suna Robot. S. Shankar ne ya shirya shi, Rajinikanth kuma ya fito a matsayin mutum biyu, watau maƙerin da kuma abin da ya ƙera. Irin wannan inji mai siffar mutum Turawa suna ce da shi android, daga Helenanci, ma'ana mai kama da mutum. Sunan nan ne kuke gani a kan wayoyinku.

Ga yadda labarin yake. Wani masani, Dokta Vaseegaran, ya yi shekara 10 yana ƙera Chitti domin sojan ƙasarsa. Ya cika shi da ilimi. Littafi komai kaurinsa, in ya duba sau ɗaya ya haddace. Ba ya gajiya, ba ya mantuwa, abin da aka ce ya yi kuma shi yake yi. Wane malami ne ba zai so ɗalibi irin wannan ba? Amma da aka kawo shi gaban masu gwaji, wani Farfesa Bohra ya umarce shi ya soki maigidansa da wuƙa, sai ga shi ya tasam ma yi. Budurwar maigidan, Sana, mai karatun likita, ta nemi taimakonsa a jarrabawa, ya taimake ta satar amsa. A wurinsa umarni umarni ne, ko na kirki ko na banza.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne ranar gobara. Wuta ta kama wani babban gida, Chitti ya shiga ya fid da mutane da ƙarfin da babu mahalukin da yake da shi. A cikinsu akwai wata yarinya da wutar ta tarar tana wanka. Ya ɗauko ta haka nan, ya ajiye ta gaban taron jama'a da masu ɗaukar hoto. Don tsananin kunya yarinyar ta sheƙa a guje, babbar mota ta buge ta, ta mutu. Ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san a fara jefa mata zane. Chitti ya haddace littattafan duniya, amma bai san kunya ba, gama ba wanda ya koya masa.

Sa'an nan maigidan ya koya masa ji irin na mutane, da fushi da ƙauna. Da farko abin ya yi kyau, har ya karɓi haihuwar wata mace da naƙuda ta yi wa tsanani. Daga baya sai ya ɗora ido a kan Sana. Maigidan ya husata, ya sassare shi da gatari, aka zubar da shi a juji. Can Bohra ya same shi, ya gyara shi, ya sa masa wata 'yar ƙaramar na'ura ja mai sa mugunta. Chitti ya zama mai kisa, har Bohra ɗin ma bai tsira daga hannunsa ba. A ƙarshe aka cire masa jar na'urar, ya komo hankalinsa, kotu ta ce a kwance shi, ya kwakkwance kansa da hannunsa.

To, ina ruwanmu da tatsuniyar Indiya? Ruwanmu shi ne, duk abin da Chitti ya aikata, wani ne ya fara zuba shi a cikinsa. Haka yaro yake a shekarunsa na fari. Mu malamai muna ganin iyaye da ba sa tambayar kome sai, "Na nawa ya zo?" Ba sa tambaya ko yana gaskiya, ko yana tausayin ƙanana, ko yana gaida manya. Akwai ma masu biyan kuɗi a sayo wa yaro amsa lokacin jarrabawar fita. Uban da ya yi haka ya koya wa ɗansa darasin da ya fi lissafi zama a kai: in dai za a ci, kowace hanya daidai ce. Wannan ita ce jar na'urar, da hannunsa kuma ya sa ta. Ran da yaron ya girma ya cuce shi a kan gona ko gado, kada ya yi mamaki. Abin da mutum ya shuka shi zai girba.

Amma akwai inda fim ya rabu da gaskiyar rayuwa, mu kuwa mutanen Dareta mun fi kowa sani. A shekarar nan ta 2010 da aka fito da Chitti, a ita ce gubar dalma ta bayyana a ƙauyukanmu na Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta, Abare da 'Yargalma. Ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ƙura ta zauna a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka mutu, yawancinsu ba su kai shekara 5 ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da maganin da ke fid da dalma daga jini, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Duk da haka maganin ba ya mai da abin da gubar ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Ba wanda ya yi nufin cutar da ɗansa. Neman abinci ake yi, ba a lura da abin da yake shiga jikin yaro ba.

Chitti ana buɗe shi a cire abin da aka sa, a ɗaura sabon hannu, a sake haɗa shi, har ma an komo da shi a fim na biyu a 2018. Yaro ba shi da kayan gyara a kasuwa. Yana da rai da lamiri, waɗanda ba maƙerin da ya iya ƙera su. Abin da ya shiga cikinsa da ƙuruciya, ko ta baki ko ta ido ko ta kunne, da wuya ya fita. Shi ya sa magabata suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba mu ce a hana yara kallo ba, gama in an hana a gida za su gani a waje. Shawararmu ita ce, ku zauna ku kalla tare da su, ko kuwa ku sa su ba ku labarin bayan abincin dare. Sa'an nan ku tambaye su: Me ya kamata Chitti ya yi wa yarinyar nan kafin ya fito da ita? Da kai ne aka ce ka soki maigidanka, za ka yi? Wa ya fi laifi, Chitti ko wanda ya sa masa jar na'ura? Amsoshinsu za su nuna muku abin da yake cikinsu fiye da takardar sakamako. Idan kuma yaro ya kawo sakamakon, ku duba wurin da malami ya rubuta halinsa kafin ku duba lamba. Masu aikin dutse kuwa, kada a kawo shi gida, a wanke jiki a sake tufa kafin a ɗauki yaro.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.