Dickie Bird: Abin da na'ura ta sauya a alƙalancin wasan kurket

Rasuwar Harold "Dickie" Bird a watan Satumban 2025, yana da shekara 92, ta sake tayar da wata tsohuwar muhawara a duniyar wasanni: mene ne ya rage wa alƙalin wasa a zamanin da na'ura ke iya soke hukuncinsa?

An haifi Bird a 1933 a garin Barnsley da ke arewacin Ingila, kuma mahaifinsa mahaƙin kwal ne. Ya buga wa gundumar Yorkshire wasan kurket daga 1956, sannan ya koma Leicestershire, inda ya yi ritaya a 1964.

Bai yi fice sosai a matsayin ɗan wasa ba. A manyan wasanni 93 ya tara maki 3,314. Ranar da ya fi haskawa ita ce a 1959, lokacin da ya ci maki 181 a karawa da Glamorgan ba tare da an fitar da shi ba. Duk da haka Yorkshire ta ajiye shi a wasa na gaba, saboda taurari sun yi mata yawa.

Sunan da ya samu a farar riga

A 1970 ya fara alƙalancin wasannin gundumomi, a 1973 kuma ya tsaya a wasansa na farko na Test, wato karawar ƙasa da ƙasa da kan kai kwana biyar. Kafin ya ajiye aiki ya yi alƙalancin irin wannan wasa sau 66, adadin da babu wanda ya kai a lokacin. Yana cikin alƙalan wasan ƙarshe na Kofin Duniya uku na farko, a 1975 da 1979 da 1983.

A wasansa na Test na ƙarshe, tsakanin Ingila da Indiya a filin Lord's a 1996, 'yan wasan ɓangarorin biyu sun yi masa jerin girmamawa, ya shiga fili yana hawaye. Mintuna kaɗan bayan haka ya ɗaga yatsa ya fitar da kyaftin ɗin Ingila, Mike Atherton. Wannan rashin son kai ne jarinsa, domin mafi yawan wasanninsa a Ingila ya yi su, amma baƙi sun yarda da shi.

Abin da ya sauya

A zamanin Bird, hukuncin alƙali yankan wuƙa ne. Lamarin ya fara sauyawa a 1992, da aka kawo alƙali na uku mai duba talabijin a wasan Afirka ta Kudu da Indiya. Daga 2002 aka koma ɗauko alƙalan fili biyu daga ƙasashen da ba sa cikin karawar. A 2008 kuma aka gwada tsarin DRS, wanda ya bai wa 'yan wasa damar ƙalubalantar hukunci a sake dubawa da na'ura.

Masu goyon bayan tsarin na da hujja mai ƙarfi. Kuskure ɗaya na iya sauya sakamakon wasan kwana biyar, ko ya kawo ƙarshen sana'ar matashin ɗan wasa. An san Bird da jinkirin fitar da mai bugu idan yana da shakku kan ko ƙwallon da ya bugi ƙafarsa zai taɓa sandunan da ke bayansa. Yau na'ura na bin hanyar ƙwallon ta nuna amsa.

Sai dai na'urar ba ta kashe gardama ba. Idan lamarin ya yi kusa sosai, dokar DRS ta ce a bar hukuncin alƙalin fili yadda yake. Ke nan ƙwallo iri ɗaya na iya fitar da wani ya bar wani. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san irin wannan taƙaddama tun zuwan VAR.

Akwai kuma aikin da na'ura ba ta iya yi. Alƙali ne ke kwantar da tarzoma tsakanin 'yan wasa, shi ke tsawatar wa mai jifa idan ya fara nufin jikin abokin karawa, shi ke yanke ko haske ya isa a ci gaba da wasa. A nan ne shekarun da Bird ya yi yana buga wa gunduma suka yi masa rana: ya san fargabar wanda ake iya ajiyewa gobe, kuma 'yan wasa sun san ya sani.

Tuni wasu suka zarce adadin wasanninsa, irin su Steve Bucknor na Jamaika da Aleem Dar na Pakistan. Ƙalubalen da ke gaban hukumar kurket ta duniya, ICC, shi ne horar da alƙalan da 'yan wasa za su saurara ko bayan allo ya nuna wa duniya sun yi kuskure.