Lambu da Gida: Orkide Bai Mutu Ba Don Furensa Ya Kaɗe

Sau da yawa wanda ya sayi furen orkide da tsada, ko aka ba shi tsaraba, yakan jefar da shi da zarar furannin sun zube, a zatonsa ya mutu. Alhali kuwa hutawa yake yi, kuma idan ya samu kulawa zai yi shekaru yana sake fure.

Irin da aka fi sayarwa shi ne Phalaenopsis, sunan da masanin tsirrai Blume ya raɗa masa a 1825 saboda kamarsa da malam-buɗe-littafin dare. Asalinsa dazuzzukan Filifin ne da Indunusiya da maƙwabtansu, inda yake maƙale a jikin itatuwa kamar kauci, sai dai shi ba ya shan jinin itacen. Shi ya sa ake dasa shi cikin ɓawon itace, domin ƙasa tana ruɓar da saiwarsa.

Bayan furannin sun kaɗe, sai a dubi karan da ya ɗauke su. In ya bushe, a yanke shi daga gindi. In yana ɗanye, a ƙirga gaɓa 2 ko 3 daga ƙasa, a yanke santimita 1 bisa gaɓar. Sau da yawa sabon reshe kan fito ya yi fure cikin wata 2 zuwa 3. Amma tsiron da ganyensa ya yi yaushi, gara a yanke masa karan gaba ɗaya ya huta. Kafin yanka a gasa bakin almakashi da wuta, gudun cuta.

Ban ruwa kuwa, saiwar ce ke faɗa: kore alamar ƙoshi, fari-fari alamar ƙishirwa. A zuba ruwa ya tsiyaye, kada ya kwanta a tsakiyar ganye, don nan ruɓewa ke farawa. Yana son haske, amma rana kai tsaye tana ƙona shi.

Abin da ke fito da sabon kara shi ne sanyin dare, wajen digiri 15 zuwa 18, na ƴan makonni. Zafin da ya wuce digiri 28 yana hana shi fure. Ke nan a Maraɗi ko Damagaram, dararen Disamba da Janairu ne damarsa, muddin an kare shi daga busasshiyar iskar hunturu ta hanyar aje kwanon ruwa kusa da shi. Da bazara kuwa, sai ɗakin da ya fi sanyi a gidan, har damina ta sauka.